Kibiya, alwatika ko alamar tarawa: rigimar ƙananan alamomin da ke ɓoye bayani a waya

Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin naira, harkoki da yawa da mutanen karkarar Kano da Jigawa suka saba yi hannu da hannu suka koma cikin waya. Biyan kuɗin buhun shinkafa a Kura, sallamar dillali a kasuwar dabbobi ta Maigatari ranar Alhamis, cike fom ɗin jarrabawa ko na neman tallafin noman rani, duk yanzu sai an bi ta fuskar waya. Tare da wannan sauyi wani ƙorafi ya riƙa fitowa a shagunan caji da rumfunan masu POS: a ce wa mutum bayanin yana cikin shafin, ya duba sama da ƙasa, bai ga komai ba sai kanun magana da wata 'yar alama a gefe. Wani lokaci ma alamar da ya saba da ita jiya, yau manhajar ta sabunta kanta ta zo da wata daban.

A ƙasashen da ake tsara yawancin manhajojin, maganar ta kai ga ƙa'idoji da dokoki. W3C, ƙungiyar da ke shimfiɗa ƙa'idojin shafukan intanet, ta fitar da sabon kundinta na sauƙaƙa shafuka ga kowa, WCAG 2.2, a watan Oktoban 2023. Tarayyar Turai kuma ta fara aiki da dokarta ta sauƙaƙa kayayyaki da ayyuka ga masu buƙata ta musamman ranar 28 ga Yunin 2025, dokar da ta shafi manhajojin banki da na saye da sayarwa. Ba a Ringim ko Ɗambatta aka rubuta su ba, amma tunda masu haɗa manhaja a nan gida suna ɗaukar kayan zanensu ne daga waje, abin da aka sauya a can yakan sauko har cikin wayar manomi.

## Me ake nufi da sashe mai naɗewa

Fuskar waya ƙarama ce, bayanin da ake son zubawa a kanta kuma yana da yawa. Dabarar masu tsara manhaja ita ce su naɗe wani ɓangare su bar kan maganar kawai a fili, kamar tabarmar da aka naɗe aka jingine a zaure, sai mai buƙata ya shimfiɗa. In ka taɓa kan maganar, bayanin ya warware a ƙarƙashinsa. In ka sake taɓawa, ya koma. Wanda ya taɓa karanta Wikipedia a waya ya ga haka: sassan maƙala a naɗe suke, kowanne da 'yar kibiya a gefensa.

Wannan daban yake da mahaɗin da ke kai mutum wani sabon shafi, daban yake kuma da layi uku ko ɗigo uku da ke fito da jerin zaɓi. Sashe mai naɗewa a wurinsa yake buɗewa. Don haka alamar da ke gefensa tana da aiki uku: ta sanar cewa akwai abu a ɓoye, ta nuna a buɗe yake ko a rufe, ta kuma tabbatar wa mutum cewa in ya taɓa ba za a fitar da shi daga inda yake ba. Na ukun nan ya fi nauyi a ƙauye fiye da birni. Inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, barin shafi na nufin jira, da ƙona data, da yiwuwar a dawo a tarar fom ɗin da aka cike rabi ya goge.

Alamomin da ake takara a tsakaninsu huɗu ne: alamar tarawa da ta ɗebewa (+ da −), alwatika mai kallon gefe da ke juyowa ƙasa (▶ da ▼), kan kibiya marar sanda mai siffar harafin V wanda ke kifewa in an buɗe, sai kuma kalma tsurarta, irin su «Nuna» da «Ɓoye».

## Inda suka samo asali

Babu ɗaya daga cikinsu da aka zaɓa don ɗan Adam yana gane ta da haihuwa. Kowacce al'adar wani kamfani ce da ta bazu. Apple ya sa alwatika a gefen jakunkunan fayil a tsarin kwamfutarsa na System 7 a 1991, ana danna ta sai ta juyo ƙasa abin da ke ciki ya bayyana. Microsoft ya yi suna da ƙaramin akwati mai + ko − a Windows 95, ya koma alwatika a Windows Vista a 2007, daga baya ya koma kan kibiya. Google ya fito da tsarin zanensa, Material Design, a 2014, wanda a cikinsa kan kibiya mai kallon ƙasa ke nufin buɗewa, mai kallon sama kuma rufewa. Tunda wayoyin da suka cika hannun mutanen karkara, Tecno da itel da Infinix, na Android ne, wannan ce alamar da idonsu ya fi cin karo da ita.

Abin lura a tarihin shi ne, alamomin farko an yi su ne don kwamfuta da linzaminta, wato 'yar na'urar da ake riƙewa a hannu a danna abu a fuskar kwamfuta, ga ma'aikacin ofis da ke zaune a inuwa, wanda ya shekara yana buɗe jakunkuna a cikin jakunkuna. Mafi yawan mutanen ƙauyukanmu ba su bi ta wannan makaranta ba. Daga ƙaramar waya mai maɓallai da tsarin USSD, inda ake cewa danna 1 ko danna 2, suka tsallako kai tsaye zuwa waya mai shafawa. A USSD babu abin da ke naɗe. Duk zaɓin da ke akwai a kowane mataki a jere yake da lambarsa.

## Alama ta faɗi halin da ake ciki, ko abin da zai faru?

Tushen saɓanin masu zane a nan yake. Wasu na ganin alama ta nuna halin da sashen ke ciki yanzu. Wasu na ganin ta nuna abin da zai faru in an taɓa. Alamar tarawa tana bin ra'ayi na biyu: sashen a rufe yake, + tana cewa «taɓa ni in ƙaro maka». Alwatika tana bin na farko: in ta kalli ƙasa, tana nuna bayanin da ya riga ya buɗe a ƙarƙashinta.

Sai ga rikicin. A manhajar da ta bi tsarin alwatika, kallon ƙasa na nufin a buɗe yake. A wadda ta bi tsarin Google, kallon ƙasa na nufin a rufe yake, taɓa ka buɗe. Siffa kusan ɗaya, ma'ana biyu masu karo da juna, kuma duka biyun suna iya zama a waya guda. Mai amfani da wayar bai yi kuskure ba in ya rikice, domin babu wata hukuma da ta taɓa yanke hukunci a tsakaninsu. Hatta kundin W3C bai ce ga alamar da za a yi amfani da ita ba.

## Ma'anar da alamar ta riga ta ɗauka a hannun mutane

Wanda ke zane a ofis yana ganin alama a matsayin siffa ce da shi zai ba ta ma'ana. Mai karɓar ta a ƙauye kuwa ya riga ya san ta da wani aiki, kuma ya koyi aikin ne a manhajojin da ya fi zama a ciki, WhatsApp da Facebook da TikTok da na tura kuɗi.

A ɗauki alwatika mai kallon dama. Ga mutumin da saƙon murya ne wasiƙarsa, wanda wa'azi da waƙa da labarin rediyo duk da wannan alama yake kunna su, ▶ na nufin abu guda: sauti ko bidiyo zai tashi. In ya gan ta a gefen «Sharuɗɗan neman tallafi», ko dai ya taɓa yana jiran a karanta masa, ko ya ƙi taɓawa don yana cikin mutane, ko don tsoron bidiyo ya cinye masa data.

Kibiya mai kallon ƙasa ma tana da nata tarihin. A WhatsApp, kibiya mai sanda da ke kallon ƙasa ita ce ta sauke hoto ko bidiyo. Bambancinta da kan kibiyar buɗe sashe sandar nan ce kawai, wadda ba kowane ido ke kama ta ba a fuskar waya mai tsagaggen gilashi, da tsakar rana, an rage haske don kada caji ya ƙare. Irin wannan musaya ba baƙuwa ba ce a rumfar mai POS ranar Lahadi a kasuwar Gujungu. Dattijo ya sayar da buhunan riɗi, an ce an turo masa kuɗi, manhajar ta nuna adadin amma sunan mai turowa da lambar shaida suna naɗe a ƙasa.

«Baba, taɓa 'yar kibiyar nan, za ka ga sunan wanda ya turo.»

«A'a ɗana, wannan ai ta sauke kaya ce, datar tawa kaɗan ta rage. Kai dai duba min.»

Sai ya miƙa wayar, a buɗe, da asusunsa a ciki, ga yaron da watakila ranar ya fara ganinsa.

Alamar tarawa ta fi kowacce fitowa fili, kuma ko wanda bai yi nisa a boko ba ya san ta daga lissafi. Matsalarta ita ce a waya an riga an ba ta aikin ƙirƙirar sabon abu: sabuwar lamba, sabon saƙo, sabon hoto. A manhajar kuɗi kuwa abin ya fi haka tsanani, domin + na nufin kuɗi ya shigo ko a zuba kuɗi, − na nufin an cire. Sa − a gefen layin da ke ɗauke da adadin naira, da nufin «rufe wannan sashe», neman tayar da hankalin mai asusu ne. Akwai kuma masu zanen da ke juya + ta koma × in sashe ya buɗe. A ido abin yana da kyau, amma × a wurin mutane da yawa sokewa ce ko gogewa, kuma wanda ya sha wuyar cike fom ba zai kusance ta ba.

## Abin da bincike ya nuna, da iyakarsa

Binciken da aka fi kafa hujja da shi na Nielsen Norman Group ne, wani kamfanin Amurka mai nazarin yadda mutane ke amfani da shafuka, wanda ya wallafa a 2020. Sun nuna wa mutane shafukan waya masu alamomi daban-daban, suka duba inda suke taɓawa da abin da suke zaton zai faru. Kan kibiya mai kallon ƙasa ne ya fi sa mutane su fahimci cewa sashen zai buɗe a wurinsa ba tare da an kai su wani shafi ba. Sun kuma ga cewa mutane na taɓa rubutun kamar yadda suke taɓa alamar, don haka suka ba da shawarar kada a raba aiki, wato rubutu ya kai wani shafi alama kuma ta buɗe sashe.

Masu goyon bayan kan kibiya suna da wannan hujja, ga kuma yawan ganinta a Android. Masu kare + suna cewa ta fi kauri da fitowa a ƙaramar fuska, kuma ba ta da rikicin sama da ƙasa. Dukansu akwai gaskiya a bakinsu. Sai dai binciken an yi shi ne da shafukan Turanci da mutanen da suka iya karatu kuma suka saba da intanet, don haka ɗauko sakamakonsa a dasa a Gwaram ko Sumaila ba tare da gwaji ba zato ne kawai.

Wani aikin da ya fi kusa da halin da muke ciki shi ne na Indrani Medhi da abokan aikinta a cibiyar binciken Microsoft da ke Bangalore a Indiya, waɗanda suka shafe shekaru suna nazarin yadda masu ƙarancin karatu ke mu'amala da waya da kwamfuta. Sun gano cewa tsarin da ke sa abu a cikin abu, mataki-mataki, yana wahalar da irin waɗannan mutane fiye da jeri guda a shimfiɗe, kuma murya da zane mai kama da abin da ake nufi da lambobi sun fi yi musu amfani. Wannan ya ɗaga tambayar daga kan alama zuwa kan naɗewar kanta. Wataƙila ga wasu shafukan, amsar ita ce kada a naɗe komai.

Gwamnatin Birtaniya ta bi hanya ta uku. A tsarin zanen shafukanta na GOV.UK, ta bar + da − ta koma kan kibiya haɗe da kalmar da ke cewa a nuna ko a ɓoye, kuma tana gargaɗin ma'aikatanta kada su naɗe bayanin da kowa ke buƙatar gani. A cikin duk matsayan, wannan ya fi tsayuwa da ƙafarsa, domin kalma tana rufe ɓarakar da alama ta bari. Ana sukarsa da cin wuri da kuma buƙatar fassara. Ga Hausa sukar ba ta da ƙarfi, tunda «Nuna» da «Ɓoye» haruffa huɗu-huɗu ne, kuma Facebook ya riga ya sa Hausa a cikin harsunansa tun 2016. Wanda bai iya karatun boko ba ne kawai kalmar ba za ta amfana ba, shi kuma ba ƙaramin kaso ba ne a karkara, musamman cikin mata da dattawa.

## Dama da hagu

Mutane da yawa a nan da rubutun Larabci idonsu ya fara buɗewa a makarantar allo, wasu ma da ajami suke rubuta Hausa, daga dama zuwa hagu. In aka mayar da waya Larabci, shafin gaba ɗaya yakan juya, alwatikar da ke kallon dama ta koma kallon hagu, in mai manhajar ya tanadi hakan. In bai tanada ba, sai ta riƙa nuna wajen shafi. Kan kibiya mai kallon ƙasa da alamar tarawa ba su da wannan larura. Akwai ƙarin dalilin guje wa mai kallon dama: a iPhone da manhajoji da dama, ƙaramar › a ƙarshen layi na nufin za a tafi sabon shafi.

## Abin da ƙa'idojin suka ce a zahiri

Ƙa'idojin ba su zaɓi siffa ba, amma sun yi magana a kan girma da haske. WCAG 2.2 ya ce wurin taɓawa kada ya gaza fiksel 24 a tsawo da faɗi (fiksel shi ne ɗan ɗigon da ake auna abu a fuskar waya da shi), sai in an bar isasshen fili a kewayensa ko wasu dalilai da ya zayyana. Apple na ba da shawarar ma'auni 44, Google kuma 48, wanda ya kai kimanin milimita 9. Tun kundin WCAG na 2018 aka ce bambancin haske tsakanin alama da bayanta ya kai aƙalla 3 bisa 1, kuma an daɗe da hana dogaro da launi kaɗai wajen isar da saƙo. Siririyar kibiya mai ruwan toka a kan farin shafi, wadda masu zane ke so don tsabtar gani, takan faɗi wannan jarrabawa, kuma ita ce farkon ɓacewa in rana ta haske fuskar waya. Yatsan da ya sha fartanya ya yi kanta ma ba ya dacewa da ɗan ɗigon wuri. Maganin mai sauƙi ne: a sa layin gaba ɗaya ya amsa taɓawa.

Ga masu larurar gani, alamar ba ta da amfani sam. Su da manhajar karanta fuska suke aiki, irin TalkBack na Android, wadda ke faɗa musu da murya cewa sashe a buɗe yake ko a rufe, amma sai in mai rubuta manhajar ya sa wannan bayani a cikin lambobinsa. In ya manta, makaho zai ji kan magana ne kawai, ba zai san akwai komai a ƙasa ba. Najeriya tana da dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, sai dai ba ta sauko kan girman maɓalli ko siffar alama ba. Abin ya rage ga masu ba da kwangilar manhaja su rubuta shi a cikin sharaɗi.

## Wa ke ɗaukar asarar

In alama ta kasa aikinta, ba kamfanin ne ke fara ji a jikinsa ba. Manomin da bai ga sharaɗin da ke naɗe ba zai cike fom a ƙi karɓa, ya biya kuɗin mota zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma ya sake biyan mai shagon intanet. Matar da ke sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa daga cikin gida, wadda waya ce shagonta, za ta jira ɗanta ya dawo daga makaranta kafin ta tabbatar kuɗi ya shigo. Dogaro da wani kuma yana tafe da bayyana sirri, lambar PIN da BVN da NIN suna yawo a hannun da bai kamata ba.

Akwai ɓangaren da ya wuce kuskuren zane. Abin da aka zaɓa a naɗe shi ma hukunci ne. Manhajar bashi da ta baje adadin da za ta ba ka da manyan lambobi, ta kuma naɗe kuɗin ruwa da ranar biya da tarar jinkiri a ƙarƙashin kibiya marar haske, ta cika sharaɗin cewa bayanin yana shafin, amma ta san mutane kaɗan ne za su kai gare shi. A irin wannan wuri babu alamar da za ta wadatar. Kuɗin da za a cire, da wa'adi, da sunan wanda kuɗi zai je wa, a fili ya kamata su zauna kafin maɓallin amincewa. Naɗewa ta dace ne da tambayoyin da ba kowa ke yi ba, da tarihin tsofaffin ciniki, da dogon bayanin da mutum zai iya wucewa ba tare da ya cutu ba.

Ga matasan da ke koyon haɗa manhaja a Kazaure da Dutse da Wudil, hanyar raba gardama ba ta buƙatar kuɗi mai yawa. A ɗauki waya irin ta mutanen, ba ta mai zanen ba, a rage mata haske, a fita da ita rana ranar kasuwa. A nuna wa mutum shafin, kafin ya taɓa a tambaye shi me yake zaton zai faru in ya taɓa nan. A tambayi mai karatun boko da mai karatun allo, a shiga gida a tambayi mata ta hannun mace 'yar'uwarsu. In amsoshin suka zo «zai kunna», «zai sauke», «zai cire min kuɗi», alamar ta faɗi, sai a ƙara mata kalma ko murya, ko a warware sashen gaba ɗaya, a sake komawa kasuwar mako mai zuwa da sabon zanen.